Babi na Shida: Gajiyar da Barci Ba Ya Kashewa

"Tun da an gama magani, likitoci kuma sun ce ciwon ya lafa, me ya sa har yanzu ba ta iya ɗaga taɓarya?" Tambayar ke nan da ake yi a gidajen ƙasar Kurfai, daga garin Filinge zuwa Shikal da Tukunus, idan mai ciwon kansa ya dawo daga Yamai. Wani da tausayi yake yin ta, wani da ƙorafi, wani lokaci kuma majinyacin ne yake yi wa kansa ita cikin dare. Matar da a da take gama dakan gida guda kafin hantsi, yanzu wanka kaɗai yana sa ta nemi bango ta jingina. Magidancin da yake wuni a gona riƙe da hauya, yanzu zuwa masallacin unguwa sai ya yada zango a hanya. Amsar da wannan babi zai kafa ita ce: wannan gajiya ciwo ce mai zaman kanta, tana da dalilan da ake iya bincikawa, kwanciya zalla ba ta warkar da ita, haka ma komawa aikin ƙarfi gaba ɗaya. Abin da yake taimako shi ne a gyara abin da yake gyaruwa a asibiti, a sauke wa majinyaci nauyin aikin dole, sannan a bar masa motsi ɗan daidai wanda ake ƙarawa sannu a hankali.

Gajiya iri biyu

Kowa ya san gajiyar aiki. Wanda ya wuni yana noma a watan Yuli ya san yadda jiki yake tsami da yamma, kuma ya san in ya ci tuwo ya kwanta, da asuba garau zai tashi. Wannan gajiya sanadinta a fili yake, tana zuwa daidai da aikin da aka yi, barci kuma yana kashe ta. Gajiyar kansa ta saɓa wa duka ukun. Tana zuwa ko ba a taɓa aikin komai ba, ɗan ƙaramin motsi yana jawo kasala ta wuni guda, mutum kuma ya yi barcin dare cikakke ya farka jiki a mace. Ba a gaɓoɓi kaɗai take tsayawa ba. Tana taɓa tunani, har mutum ya manta abin da ya shiga ɗaki nema, ko lissafin kuɗin cefane ya gagare shi. Tana taɓa zuciya, har hira da ɗan'uwan da ake so ta zama nauyi. Binciken da aka yi a ƙasashe da yawa ya nuna mafi yawan masu karɓar maganin kansa suna fama da ita, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka gama magani tana binsu watanni, wasu har shekaru. Da yawa daga cikinsu sun ce ta fi tashin zuciya da amai damun rayuwarsu, domin amai yana da ranar da yake tsayawa, ita kuwa kullum tana nan. Saboda haka duk wanda ya kira wannan hali ragwanci, ko shagwaɓa, ko son jiki, ya ɗora wa mara lafiya laifi a kan abin da ba shi ya jawo ba.

Daga ina take fitowa?

Sau da yawa dalilai ne da dama suke haɗuwa a jiki ɗaya. Na farko shi ne ciwon kansa da yaƙin da jiki yake yi da shi. Idan garkuwar jiki ta tashi faɗa, takan saki wasu sinadarai cikin jini, irin waɗanda suke sa mai zazzaɓi ya ji kasala ya ƙi abinci. A zazzaɓi suna lafawa cikin kwanaki, a kansa kuwa suna iya daɗewa. Na biyu shi ne maganin. Wanda ake ɗurawa ta jijiya, da ake kira shimiyo a asibitocin Yamai, yana farautar ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa, kuma ɓargon da yake ƙera jini yana cikin masu saurin nan. Idan jajayen ƙwayoyin jini suka ragu, iskar da ake shaƙa ba ta isa tsoka yadda ya kamata, sai mutum ya riƙa haki a kan ɗan taku kaɗan. Yawanci ana ba da shimiyo zagaye-zagaye, sau da yawa duk bayan mako 3, gajiyar takan yi tsanani a kwanakin farko bayan ɗuri, sannan ta sassauta kafin zagaye na gaba. Gashin na'ura kuwa, wato kashe ƙwayoyin ciwon da hasken na'ura, nasa salon daban ne: ana yin sa kwana 5 a mako har tsawon makonni, gajiyarsa tana taruwa a hankali, ta kai ƙololuwa wajen ƙarshen gashin, ta ɗauki makonni ko watanni kafin ta sauka. Ga kuma tiyata da jinin da aka rasa. A kan waɗannan sai a ɗora raɗaɗin da yake hana barci, da rashin cin abinci, da magungunan kashe zafi da na hana amai masu sa gyangyaɗi, da zullumin mutuwa da na makomar yara. Wanda ya san wannan tsari zai gane cewa tsananin gajiya a tsakiyar magani ba ya nufin maganin ya gaza, ba ya kuma nufin ciwon ya ci ƙarfin mutum.

Abin da hanyar Yamai take ƙarawa

Bakurfaye yana da nasa ƙarin kaya a kan wanda littattafan likitoci suka lissafa. A shekarar 2021 ne Cibiyar Yaƙi da Cutar Kansa ta Ƙasa da ke Yamai ta fara gashin na'ura, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kafin nan sai wanda ya samu halin fita waje. Ci gaba ne babba, amma Filinge tana da nisan kimanin kilomita 180 daga Yamai, ba a maganar wanda zai fito daga ƙauye a amalanke kafin ya samu mota. Mai karɓar shimiyo zai bi hanyar Balleyara zuwa da dawowa a kowane zagaye, sau da yawa a matse cikin motar haya, kuma dawowar tana faɗawa daidai kwanakin da jiki ya fi rauni. Mai gashi kuma dole ya tare a gidan dangi a birni na makonni, yana kunyar neman abincin da ransa yake so. Tun 2007 doka ta sanya kula da kansar mata cikin ayyukan kyauta a asibitocin gwamnati, amma doka ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ciyar da mai rakiya, ba ta nome gonar da aka bari. Ga zafin Afrilu da Mayu da yake haura digiri 40, ga zazzaɓin cizon sauro na damina da yake fasa jajayen ƙwayoyin jini, ga rashin tsaron da ya addabi jihar Tillaberi a shekarun nan, wanda yake sa kowace tafiya ta zo da fargaba. Kuma kusan rabin matan Nijar da suke shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini tun kafin wata kansa ta same su. Matar da ta shiga magani da jinin da bai cika ba, gajiyarta za ta riga ta wasu zuwa, ta kuma fi tasu nauyi.

A fara da abin da yake gyaruwa

Mataki na farko shi ne a faɗa wa likita gaskiya. Tarbiyyarmu ta koya mana haƙuri da ɓoye rauni, in an ce "ya jiki?" sai a ce "da sauƙi" ko da mutum bai iya tashi zaune ba. A gaisuwa wannan ladabi ne, a gaban likita kuwa ɓoye shaida ne. Akwai hanya mai sauƙi da likitocin kansa suke amfani da ita: majinyaci ya ba gajiyarsa maki daga 0 zuwa 10. Abin da ya kai 4 ya cancanci bincike, abin da ya kai 7 kuwa gajiya ce mai tsanani. Wanda lissafin bai zauna masa ba ya faɗi abin da ya daina iyawa: "Likita, a da ina zuwa rijiya sau uku, yanzu ko buta ba na iya ɗauka." Daga nan sai a auna jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar ma'aunin jinin da ya gaza 12 ga mace, ko 13 ga namiji, a matsayin ƙarancin jini, kuma gwajinsa ba ya bukatar a je Yamai, ana yin sa a asibitin Filinge. A duba zazzaɓin cizon sauro, a duba ko maganin raɗaɗi yana isa, a duba barci, a duba baƙin ciki mai zurfi wanda shi ma ciwo ne da yake da magani. Wanda aka yi wa gashi a wuya a duba masa tiroyid, wato ƙullutun nan na maƙogwaro da yake sarrafa kuzarin jiki, domin gashi yana iya raunana shi. Akwai kuma alamomin da ba a jira da su har gobe: zafin jiki da ya kai digiri 38 ga mai karɓar shimiyo, haki alhali mutum yana zaune, zubar jini, ruɗewar hankali, ko kasa shan ruwa. Waɗannan sai asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Tabarma ba ta mayar da ƙarfi

A nan ne hujjar bincike ta saɓa wa abin da tausayi yake raya mana. Idan muna son mara lafiya, shimfiɗa muke yi masa mu ce kada ya motsa, komai a kawo masa. Amma tsokar da ba a amfani da ita zubewa take yi, kuma da sauri. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2007, an kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya kwana 10 kacal, sai aka tarar sun rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafafu. Masu lafiya ke nan, ina ga wanda kansa da shimiyo suke cin jikinsa? Da haka ake shiga zagayen da yake ciyar da kansa: gajiya ta sa a kwanta, kwanciya ta zubar da tsoka, raunin tsoka ya sa ƙaramin aiki ya zama babba, sai a ƙara kwanciya. A 2017 wata mai bincike a Amurka, Karen Mustian, da abokan aikinta sun tattara gwaje-gwaje 113 da aka yi a kan mutum fiye da 11,000 masu kansa. Sun tarar motsa jiki da kuma zaman shawara da masana halayyar ɗan Adam suna rage wannan gajiya a fili, alhali ƙwayoyin da aka gwada tasirinsu kaɗan ne ƙwarai. A 2019 wani taron masana na ƙasashe da dama ya ba da ma'auni: motsi matsakaici na minti 30, sau 3 a mako, na tsawon aƙalla mako 12. Matsakaici yana nufin tafiyar da take ɗan ɗaga numfashi amma mutum yana iya magana. Mutanen Kurfai sun san halin rijiya. In aka taru aka ƙwalƙwale ta da safe, laka za a riƙa jawowa har yamma. In kuma aka yi watsi da ita ba a ja, yashi ya cike ta, ruwan ya ɓaci. Wadda ake ja daidai, ana ba ta lokacin tsattsafowa, ita take shayar da gari. Ƙarfin mai kansa haka yake. Ya fara da minti 5 a tsakar gida da sanyin safiya ko bayan la'asar, ya ƙara kaɗan duk mako, ya haɗa da tashi da zama daga kujera sau da dama don ƙarfafa cinyoyi, ya dakata tun bai kai ga faɗuwa ba. Wanda ciwon ya taɓa masa ƙashi, ko jininsa ya yi ƙasa sosai, ko yake da zazzaɓi, ya nemi izinin likita tukuna.

"Ai mu kullum cikin aiki muke"

Mai hankali zai iya cewa: wannan bincike a kan mutanen Turai da Amurka aka yi mafi yawansa, masu wuni a kujera da mota. Wace ce za ta koya wa matar Kurfai motsa jiki, ita da take daka, ta ja ruwa, ta yo itace? Maganar tana da nauyi, kuma gaskiya ne cewa shawarar da aka tsara don mai zaman ofis ba a ɗauko ta a dasa a ƙauye yadda take. Amma akwai amsa biyu. Ta farko, majinyacin da ya tare a Yamai ya bar gona da turmi a baya. A ɗakin baƙi yake wuni kwance, daga shimfiɗa sai asibiti, kuma tsokarsa tana zubewa kamar ta kowane ɗan Adam. Ta biyu, aikin dole da motsin da aka auna ba abu ɗaya ba ne. Daka ba ya tsayawa don mai yin sa ta gaji, sai hatsi ya daku. Noma ba ya jiran rana ta yi sanyi, sai an kai ƙarshen kunya. Aikin ne yake yanke wa jiki iyaka. A motsin da aka auna kuwa jiki ne yake yanke iyakar, a tsaya lokacin da ya ce a tsaya. Don haka darasin da ya dace da Kurfai yana da fuska biyu: wanda aka kwantar a tashe shi ya taka, wanda aka mayar bakin turmi tun bai murmure ba a karɓe masa taɓarya. Kuskuren farko an fi yi wa dattawa da maza, na biyu kuwa an fi yi wa matan aure masu ƙananan yara.

Rabon da ya hau kan gida

Wani kuma zai ce: to wa zai yi aikin, a gidan da kowane hannu yake da nasa? Babu amsar da ba ta da tsada, amma al'adarmu ba ta bar mu hannu sake ba. Gayyar da ake kira don gonar wanda ya gaza, ita ce ta dace da magidancin da yake kan magani a damina. Hatsi a kai injin niƙa, ruwa da itace a raba wa matasan gida, girki a karɓa tsakanin abokiyar zama da 'yan'uwa, musamman a makon farko bayan ɗurin shimiyo. Abin da za a bar wa majinyaciya shi ne aikin da take so kuma ake yi a zaune, kamar tsintar wake, gyaran zogale, ko kula da jariri a inuwa, domin wanda aka raba da kowane aiki yakan ji an fitar da shi daga cikin masu rai. Ɗa ya iya cewa, "Inna, bar tulun nan, zo mu taka zuwa gidan Gwaggo mu dawo." Ya sauke mata nauyi ke nan, ya kuma ba ta motsi da hira a lokaci guda. Majinyaci ya lura da sa'ar da ƙarfinsa ya fi yawa, ya ajiye mata abin da ya fi muhimmanci. Barcin rana kada ya wuce rabin awa zuwa awa guda, don kada ya cinye na dare. Masu dubiya su ma su ji tausayi: ziyarar mara lafiya lada ce, amma cika ɗaki daga safe har dare, ana sa shi amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, tana ƙarar da ɗan abin da ya tara. Addini kuma ya riga ya yi sauƙi. Wanda bai iya tsayuwa ba ya yi salla a zaune, mara lafiya ya ajiye azumi ya rama in ya warke, kuma bai kamata kunyar idon mutane ta hana shi karɓar rangwamen da Allah Ya yi masa ba.

Ƙwayoyin kasuwa

Inda gajiya ta daɗe, masu tallar magani ba sa nisa. Akwai ƙwayoyin ƙara kuzari, da ruwan ƙarin jini na kwalba, da tramol wanda matasa suke sha don su jure aikin ƙarfi. Tramol maganin raɗaɗi ne, likita yana iya rubuta shi don ciwo, amma shan sa don neman ƙarfi yana kai ga kamu, yana iya jawo farfaɗiya, yana kuma karo da wasu magunguna. Ko a asibitocin da suka fi kowa kayan aiki ba a samo ƙwayar da take kashe wannan gajiya ba: wani gwaji da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2024 ya nuna ɗaya daga cikin ƙwayoyin farkar da ƙwaƙwalwa da aka daɗe ana sa wa rai ba ta fi ƙwayar da babu magani a cikinta amfani ba. Maganin ƙarin jini yana aiki ne in ƙarancin abin da ke cikinsa, kamar sinadarin ƙarfe, ne sanadin, shi ya sa gwaji yake gaba da saye. Shayi mai kauri da goro suna farkar da ido na ɗan lokaci, amma da yamma suna korar barci, shayi kuma in an sha shi a kan abinci yana rage ƙarfen da hanji yake tsotsa. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe a nuna wa likita kafin a sha, domin hanta da ƙoda suna cikin aikin tace shimiyo, ƙarin kaya yana iya yi musu lahani. Haɗarin da ya fi duka shi ne gajiya ta sa a yanke magani a tsakiya, a ce "maganin ne yake kashe shi." Likita yana iya rage yawan maganin, ko ya jinkirta zagaye, ko ya sa a ƙara jini, in an gaya masa. Wanda ya ɓace daga asibiti kuwa ya bar wa ciwon fili.

Bayan an sallamo

Ranar da aka ce an gama magani, gida yakan ɗauka an koma yadda ake, jiki kuwa bai san da wannan sanarwa ba. Ga mafi yawan mutane ƙarfi yana dawowa cikin watanni, da ranakun ci gaba da na koma baya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a samu rana mai daɗi a biya bashin aikin mako guda a cikinta, sai a kwanta kwana uku. A auna ci gaba da wata, a tambayi kai abin da ake iyawa yau wanda ba a iya ba watan jiya. In gajiyar da ta fara sauka ta dawo da ƙarfi, ko ta zo da rama, ko sabon ƙullutu, ko ciwon ƙashi, a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba. Wanda kuma tasa ta daɗe, ya sani ba shi kaɗai ba ne, kuma bai gaza a haƙuri ko imani ba.

Sai dai duk abin da aka faɗa game da gina tsoka da mayar da jini yana tsaye ne a kan abin da ya shiga ciki. Mai kansa sau da yawa baki ba daɗi, ƙamshin miya ma yana tayar masa da zuciya, gidan kuma ba lalle ne yana da kuɗin nama kullum ba. Babi na gaba zai duba abin da ƙasar Kurfai take da shi a hannu, wato hura da nono, wake, gyaɗa, zogale, ƙwai da cuku: yadda za a shirya su ga wanda ba ya son ci, wanne ne sai an tafasa ko an dafa sosai lokacin da garkuwar jiki ta yi rauni, da yadda za a ciyar da majinyaci ba tare da an tauye sauran gida ba.